Mulki da bidiyon minti ɗaya

 Da wuya mako ya wuce a ƙasar nan ba a sami wani bidiyo ko rubutu da ya karaɗe shafukan sada zumunta ba, ya zama shi ne abin hira a majalisu da tashoshin mota, wani lokaci har a kan mumbari. Yau yarinya ce ta yi rawa a TikTok, gobe matashi ne ya zagi gwamna, jibi malami ne aka yanko jimla ɗaya daga karatunsa na awa biyu. Kafin la'asar kowa ya yanke hukunci, kafin magariba an fara kiran hukuma ta kama wane, ta tsige wane. Abin da ya fi damuna shi ne, mu da muke kiran kanmu masu kishin tarbiyya da al'ada, waɗanda ake yi wa laƙabi da masu ra'ayin 'yan mazan jiya, mu ne kan gaba wajen wannan gaggawa, alhali gaggawa ita ce abu na farko da magabatanmu suka hane mu.

Mu ɗauki abin da ya faru a Kano a farkon shekarar 2024. A watan Fabrairu Hukumar Hisba ta kama wata fitacciyar 'yar TikTok, aka gurfanar da ita a kotun shari'ar Musulunci, aka tsare ta. Ba a jima ba labarin fitarta daga gidan yari ya tayar da ƙura, wasu suna zargin gwamnati da sa hannu, gwamnati tana musantawa. Ana cikin haka, a ranar ƙarshe ta watan, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya gana da malamai a gidan gwamnati, inda ya nuna rashin jin daɗinsa da wani bidiyo da ya gani na yadda 'yan Hisba suke kama matasa maza da mata suna jefa su a mota. Jawabin gwamnan ya bazu a wayoyi cikin dare. Washegari, 1 ga Maris, Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa ya sanar da ajiye muƙaminsa na shugabancin Hisba, shi ma ta bidiyo. Gari ya rabu biyu, aka kwana ana jifan juna da kalamai. Bayan 'yan kwanaki malamai suka shiga tsakani, aka zauna a ɗaki aka fahimci juna, Malam ya koma ofishinsa.

A dubi jerin nan da kyau. Bidiyo ne ya jawo kame, bidiyo ne ya jawo tsawatarwa, bidiyo ne ya isar da murabus. Abu ɗaya tilo da ya kashe wutar shi ne zaman da dattawa suka yi ƙofa a rufe. Gwamna yana da gaskiya da ya ce ɗan Adam, ko da mai laifi ne, ba a jefa shi a mota kamar buhun masara. Malam ma yana da uzuri da ya ji ciwon a yi masa gyara a bainar jama'a bayan wahalar da ma'aikatansa suke sha. Amma Hisba hukuma ce da dokar jiha ta kafa tun 2003, tana ƙarƙashin gwamna, akwai wasiƙa, akwai kira zuwa ofis, akwai kwamitin bincike. Da an bi waɗannan hanyoyi tun farko, da an gyara kuskuren ba tare da an bai wa masu neman abin dariya damar tafi da shewa ba. Zaman da aka yi a ƙarshe shi ya kamata a fara da shi.

Ni ina cikin masu ganin cewa kunya ado ce, cewa abin da yaranmu suke kallo a waya yana rushe abin da iyaye suke ginawa, kuma cewa al'umma tana da haƙƙin kare mutuncinta. Ban taɓa ɓoye wannan ba a wannan fili. Sai dai riƙo da gadon magabata ya wuce jin haushin sabon abu. Gadon nan ya zo da ƙa'idoji, kuma ƙa'idojin ne suka sa ya daɗe. Suratul Hujurat ta umarci muminai su tabbatar da labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da mutane cikin jahilci su dawo suna nadama. Ita dai wannan sura ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Suratun Nur kuwa ta ba da labarin ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, kuma ba waɗanda suka ƙirƙiri zancen kaɗai ta zarga ba, har da mutanen kirki da suka karɓe shi da harsunansu suka wuce da shi gaba suna ganin abu ne mai sauƙi. Danna maɓallin turawa a yau shi ne wannan karɓa da harshe.

Malaman da suka rubuta dokokin hisba ma ba su bar al'amarin sakaka ba. Al-Mawardi, a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, ya fayyace cewa aikin mai hisba yana kan ɓarnar da ta bayyana, ba shi da hurumin leƙen abin da mutane suka ɓoye, kuma wani babban ɓangare na aikinsa yana cikin kasuwa: mudu, sikeli, algus da ha'inci. A nan Kano ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a farkon ƙarni na 19, da mutanen gari suka nemi ya bar musu abin da za su tafiyar da mulki da shari'a a kansa. Mutanen da suka fito daga jihadi, da takubbansu a hannu, abin da suka fara nema shi ne rubutacciyar ƙa'ida. Duk wanda yake tutiya da wannan gado, sannan yana yanke wa mutum hukunci da bidiyon daƙiƙa 40 da bai san wanda ya ɗauka ba, bai san abin da aka yanke ba, to ya riƙe kube ne ya yar da wuƙar.

Wanda yake ganin lamarin wasa ne ya tuna Filato. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin yankin Barikin Ladi, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa na kisan da ake yi ne a lokacin. Binciken da BBC ta wallafa a watan Nuwamban shekarar ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyon a ƙasar Kongo aka ɗauke shi tun 2012, wani hoton kuma ya yi watanni yana yawo kafin rikicin. Amma matasan da suka tare hanya suka kashe matafiya ba su tsaya bincike ba. Waɗanda aka kashe a ranar mutanenmu ne, 'yan kasuwa da direbobi masu neman abin kai wa iyali. Mu da muka ɗanɗani ɗacin ƙaryar da aka yaɗa a kanmu, mu ya kamata mu fi kowa tsoron yaɗa abin da ba mu tantance ba a kan wani.

Akwai kuma matsala ta biyu, wato sikeli biyu da ake auna mutane da shi. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. An gama shari'ar cikin 'yan kwanaki. A wannan watan ne kuma jami'an tsaro suka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse zuwa Abuja saboda rubutun da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, aka tsare shi har sai da ta janye ƙarar a farkon Disamba, bayan ƙungiyar ɗalibai ta yi barazanar zanga-zanga. To a kwatanta da bidiyon da jaridar Daily Nigerian ta saki a watan Oktoban 2018, wanda aka yi zargin yana nuna shi wannan gwamna yana karɓar daloli. Ya musanta, ya ce haɗa shi aka yi. Majalisar dokokin jiha ta kafa kwamiti, kotu ta dakatar da binciken. Ba ni da hurumin cewa ya aikata ko bai aikata ba, domin wannan aikin alƙali ne, kuma ƙa'idar da nake kare wa talaka ita nake kare masa. Abin da nake nunawa shi ne saurin ƙafar hukuma idan yaro ne a bidiyo, da nauyin ƙafarta idan babba ne. Matasa suna ganin wannan, kuma shi ya sa wa'azin tarbiyya daga bakin masu mulki yake shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu.

Wasu za su ce to a rufe shafukan baki ɗaya mu huta. An gwada. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Sai a watan Janairun 2022 aka buɗe, bayan fiye da wata bakwai. A tsawon lokacin masu zagi sun koyi zagayawa ta bayan gida suna shiga, masu ƙananan sana'o'i da suke tallar hajarsu a can su suka yi asara, daga baya kuma kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa ƙa'ida. Shi ma wannan mataki fushin rana ɗaya ne ya haife shi. An jefi tsuntsu, dutse ya faɗo a kan mai tallar ƙosai.

Ya kamata kuma mu fahimci yadda waɗannan shafuka suke cin abinci. Kuɗinsu daga talla yake fitowa, talla kuma tana bin inda idanu suka taru. Na'urar da take zaɓar abin da za ta nuna wa mutane ba ta san bambancin yabo da tsinuwa ba. Idan ka ga bidiyon banza ka rubuta a'uzubillahi a ƙarƙashinsa, ka tura wa zaurukan WhatsApp guda biyar kana cewa ku dubi yadda zamani ya lalace, abin da na'urar ta ƙirga shi ne an kalla, an yi magana, an tura, sai ta ƙara kai shi gaban wasu dubbai. Yarinyar da ba kowa ya san ta ba jiya, yau ta zama tauraruwa da gumin masu tsine mata. Da yawa daga cikinsu sun gane wannan sarai, shi ya sa suke tsokana da gangan, har kame ya zama musu talla. Ke nan mai yaɗa ɓarna don ya yi tir da ita ɗan kamashon ɓarnar ne da ba a biyansa.

A halin nan kuma akwai ɓarnar da ba ta shiga bidiyo. Mudun da aka bubbuge gindinsa a kasuwar hatsi, maganin jabu a kantin unguwa, gadon marayu da baffa ya danne, matar da aka saka aka kore ta da 'ya'ya huɗu babu ciyarwa, ƙwayar da ake sayar wa yara a lungu. A yi wa Hisba adalci, babban aikinta na kullum sulhun ma'aurata ne da rikicin bashi da irin waɗannan, amma ba wanda yake turawa a waya, don haka ba wanda yake yabawa ko ya nemi a ƙara mata kuɗin yin sa. Idan muka bar bidiyo ya zaɓar mana abin da za mu yi fushi a kai, to mun miƙa akalar kishinmu ga wani kamfani a ƙetare wanda bai san mu ba, bai damu da tarbiyyarmu ba.

Ba ina cewa a yi shiru a zuba ido ba ne. Wanda ya yi fitsara a bainar jama'a akwai doka, a kai shi gaban alƙali, a ba shi damar kare kansa, a hukunta shi daidai laifinsa ba tare da an ɗauki hoton kamunsa ana yaɗawa ba, domin tozarci hukunci ne na daban da alƙali bai yanke ba. Shugaba kuma, gwamna ne ko kwamanda ko limami, idan aka nuna masa bidiyo ya yi wa kansa dokar kwana uku: ya nemi cikakkensa, ya ji ta bakin wanda ake zargi, sannan ya yi magana. Malamanmu masu dubban mabiya su daina maida kowane shirme abin huɗuba, wani shirmen shiru ne yake kashe shi. Mu kuma talakawa, kafin yatsa ya danna, mutum ya tambayi kansa wa ya ɗauka, yaushe, me aka yanke, kuma da 'yata ce ko ƙanena, zan so a tura? Iyaye su sani wayar da suka saya wa ɗan shekara 13 ƙofa ce suka buɗe masa zuwa kasuwar duniya, kuma babu ɗan Hisbar da zai tsare ƙofar da uba ya bari a buɗe.

Hausawa suka ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Al'ummar da ta gina ganuwa da makarantun zaure da kotunan alƙalai a ɗaruruwan shekaru ba ta cancanci a riƙa juya ta da abin da wani ya ɗauka da waya a minti ɗaya ba. Allah Ya ba shugabanninmu haƙurin bincike, Ya ba mu ikon riƙe harsunanmu da yatsunmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.