Filin Leƙa Duniya: Gimbiyar da Aka Harbo da Bindiga

Na san kun saba in kawo muku labarin soyayya. To yau ma akwai kyakkyawa a labarin, akwai masoyi, akwai kuma maƙiya, sai dai gimbiyar tamu ba mutum ba ce. Malam-buɗe-littafi ce, kuma duk faɗin duniya babu wanda ya kai ta girma a danginta.

Ke da ke aji, ɗauko rular nan taki mai santimita 30 ki duba. Idan macen wannan halitta ta buɗe fukafukanta takan kai santimita 25 zuwa 28, wato kaɗan ya rage ta cinye rular. Ba a samunta ko'ina sai a kurmin lardin Oro da ke ƙasar Papuwa Niyu Gini, can arewa da Ostireliya, inda ruwan sama ya yawaita, itatuwa suka yi rumfa har rana ba ta cika taɓa ƙasa ba.

A shekarar 1906 wani Bature ɗan Ingila mai suna Albert Meek, wanda sana'arsa tara ƙwari da tsuntsaye, ya hango ta tana shawagi can ƙololuwar itatuwa. Ragarsa ba ta isa can ba, sai bawan Allah ya ɗauki bindigar harbin tsuntsaye ya harbo ta. Har yau gawar tana ajiye a gidan adana tarihin halittu na Landan, da hujin harsashi a fukafukanta. A 1907 Walter Rothschild, wanda Meek ke wa aiki, ya raɗa mata sunan Sarauniya Alexandra, matar Sarkin Ingila Edward na bakwai.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, a gidansu namiji ne mai kwalliya. Shi ƙarami ne a kanta, amma fukafukansa kore ne da shuɗi masu sheƙi da ratsin baƙi, cikinsa rawaya kamar ango ya sha sabuwar shadda. Ita kuwa ruwan ƙasa ce da ɗigo-ɗigon fari, sai ɗan jan gashi a ƙirji. Duk da haka shi ke wahalar zance. Zai zo ya yi ta shawagi a kusa da ita yana sakin wani ƙamshi na jan hankali. In ya yi mata, ta bar shi ya sauka. In bai yi mata ba, ta kaɗa fiffike ta yi gaba abinta, babu mai yi mata dole.

Rayuwarta kaf a kan tsiro guda take. Macen ba ta yin ƙwai sai a jikin wata ciyawa mai yaɗo da ke hawa itatuwa, dangin da masana ke kira Aristolochia, kuma ciyawar dafi gare ta. Da ƙwan ya fashe, sai tsutsa baƙa mai jajayen ƙayoyi da farin ɗamara a tsakiya ta fito, ta fara cinye ɓawon ƙwan, sannan ta hau kan ganyen. Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Dafin nan ba ya kashe ta, a jikinta yake taruwa har ta girma, shi ya sa tsuntsaye ba su cika kusantarta ba. Daga ƙwai zuwa fitowa da fukafukai kimanin wata huɗu ne, sannan ta yi kamar wata uku tana shan zaƙin furanni, ciki har da dangin furen zoɓo.

To ina matsalar? Dafin ya kare ta daga tsuntsu, amma bai kare ta daga ɗan Adam ba. A watan Janairun 1951 dutsen Lamington ya yi aman wuta, ya hallaka mutane wajen 3,000, ya kuma ƙone yanki babba na dajinta. Bayan haka aka shiga sare kurmin ana dasa kwakwar manja a filayen da ke kewaye da garin Popondetta. In an sare itace, ciyawar ta rasa abin hawa, in ciyawar ta mutu, gimbiya ta rasa inda za ta yi ƙwai. Ga kuma masu kuɗi da ke son mallakarta a busar, a soke da allura, a rufe cikin akwatin gilashi. Saboda haka ne aka sa ta a sahun farko na yarjejeniyar duniya ta CITES, wadda ta haramta cinikinta tsakanin ƙasashe. A 2017 kuma aka ayyana tsaunin Managalas, ɗaya daga wuraren da ta rage, a matsayin daji mai kariya, bayan mutanen yankin sun daɗe suna neman hakan.

'Yan uwa, ku dubi wannan lamari da kyau. Mutane iri biyu ne ke cewa suna son gimbiyar nan. Akwai wanda ya ga kyanta ya ce sai ta zama tasa ko da gawa ce, akwai kuma wanda ya bar mata dajinta da ciyawarta don ta rayu ta hayayyafa. Wanne ne masoyin gaskiya? Wannan tambaya ba a kan malam-buɗe-littafi kaɗai ta tsaya ba, kowacce ta riƙe ta a ranta. Ku aiko min da amsoshinku, zan buga masu ma'ana a fitowa ta gaba.

Taku har kullum, ku huta lafiya.