Masu Zuba Wa Teku Taki

Jama'a, kowane manomi ya san yadda malamin gona ya ke gwada sabon taki. Ba ya bin gona duka da shi. Fegi biyu ya kan yanka, ya sa wa ɗaya, ya bar ɗaya haka nan, da kaka a ƙirga dammuna. To, yau ga waɗansu suna so su zuba wa teku taki, mu kuwa a ganinmu wannan ƙa'ida ta hau kansu.

Ga dalilinsu. Hayaƙin mai da na gawayi ya cika sama da iskar da a ke kira kabon, ita ce ke ƙara wa duniya zafi. A cikin teku akwai 'yan tsirrai ƙanana kamar gansakuka, masu shan wannan iska. A waɗansu wurare rashin sinadarin ƙarfe ne ya hana su yaɗo. In an barbaɗa musu sai su yi yabanya, in sun mutu waɗansu su nutse da kabon ɗin can ƙasan teku.

A 2009 masanan Jamus da na Indiya suka gwada a kudancin tekun Atalantika. Gwamnatin Jamus ta tsai da su tukuna, sai da aka sa waɗansu masana dabam suka duba shirin, sa'an nan aka sake su. Suka zuba ƙarfe a fili mai murabba'in kilomita 300, suna auna ciki, suna auna waje. Tsirrai suka fito, amma ƙwarin ruwa suka cinye galibinsu, watau kabon kaɗan ne ya nutse. Suka dawo suka faɗa wa duniya haka ba ɓoye-ɓoye. Wannan shi ne gwaji.

Na 2012 kuwa dabam ne. Wani ɗan kasuwa Ba'amurke, Russ George, ya shawo kan mutanen ƙauyen Old Massett, a tsibiran Haida Gwaii na Kanada. Masunta ne, kifinsu ya ja baya. Aka ce musu taki zai komo da kifi, kuma za a biya su ladan kabon da aka binne. Suka sa dala wajen miliyan 2.5. A watan Yuli jirgi ya fita ya juye gishirin ƙarfe kamar ton 100, duniya ba ta sami labari ba sai a Oktoba. A 2013 ma'aikatan gwamnatin Kanada suka binciki ofishin kamfanin, shi kuma George aka sauke shi.

Masu kare shi su kan ce ai a 2013 an kama kifi jingim a Alaska. Gaskiya ne, an kama. Amma wa zai rantse takin ne ya kawo shi? Ina fegin da aka bari ba taki? In mai tallar taki shi ne kuma mai ƙirga dammuna, sai a yi hattara da lissafin.

Abin da ya fi damunmu shi ne maƙwabci. Gona tana da iyaka, in ka ƙona shukarka da taki asararka ce kai kaɗai. Ruwan teku kuwa tafiya ya ke yi. Abincin da tsirrai suka shanye a nan, shi ne da zai isa ga kifin waɗansu mutane can gaba, waɗanda ba a ko sallama musu ba. Cikin tsirran nan ma akwai irin da ke fid da dafi mai shiga jikin kifi.

Saboda haka ne a 2013 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Landan ta hana zuba shara a teku suka yarda kada a ƙyale wannan aiki sai don binciken ilmi na sosai, shi ma sai an auna haɗarinsa, an nemi izni. Mu da za a ji tamu, da an ƙara cewa a tara masuntan wurin tun jirgi bai tashi ba, a karanta musu abin da ya fito a gwajin 2009 da harshensu, kafin a karɓi ko kwabonsu.