Kar Shekara Biyu Ta Tafi A Banza

Mun san mai NCE ko difloma kan shiga jami'a daga aji biyu. A Amurka ma ɗalibi kan yi digirin shekara biyu a kwaleji mai araha, sannan ya wuce jami'a. Inda gizo ke saƙar shi ne darussan gama-gari, irin GST ɗinmu. A jihar Florida, mai digirin AA ya riga ya gama su: awa 36 cikin 60. Jami'o'in gwamnatin jihar ba sa sake ɗora masa. Mai digirin sana'a kuwa, ko mai tsallakawa wata jiha, galibi darasi-darasi ake tantance masa. Wanda aka ƙi, sai maimaici da sabon biya. Ƙannenmu, kafin ku zaɓi kwaleji, ku tambayi jami'ar da kuke hari.