A Fitar da Akwatin Kifi Waje, Amma da Sharaɗi

Wanda ya shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wasu makarantun sakandare zai iya tarar da wani akwatin gilashi a kusurwa, ya bushe, ƙura ta lulluɓe shi. An sayo shi ne da kuɗi masu yawa domin a zuba ruwa da kifi da tsirrai, ɗalibai su ga rayuwar cikin ruwa da idonsu. An haɗo shi da fitila da ɗan injin hura iska, dukkansu masu aiki da lantarki. Da wuta ta ɗauke kwana da kwanaki sai tsirran suka ruɓe, kifin ya mutu, aka wanke akwatin aka jingine. Irin wannan hasara ba ta da dalili a ƙasar da rana ke fitowa kusan kowace safiya ta Allah. Ya kamata a fitar da akwatunan nan waje.

Dabarar kuwa tsohuwa ce. Tun a 1850, kafin fitilar lantarki ta shiga gidaje, wani masanin kimiyya a Landan mai suna Robert Warington ya bayyana yadda ya ajiye ƙananan kifaye biyu tare da wata ciyawar ruwa a cikin mazubin gilashi, suka rayu ba tare da ana sauya musu ruwa ba. Da ruɓaɓɓen ganye ya fara ɓata ruwan sai ya sa 'yan katantanwa suka cinye shi. Sirrin abin shi ne, da rana tsiro yakan sha haske, ya karɓi iskar da kifi ya fitar, ya sako iskar oksijin wadda kifin ke shaƙa. Kashin kifin kuma ya zame wa tsiron taki. Wannan darasi ne da ake ta karanta wa ɗalibai daga littafi suna haddacewa. A akwatin da hasken safe ya faɗa wa, yaro zai ga 'yan kumfa suna tashi daga jikin ganye, ba sai an ce masa ya gaskata ba.

Sai dai fa ranar Sakkwato da Maiduguri ba irin ta Landan ba ce, kuma a nan ne mai gaggawa yakan yi ɓarna. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ƙaramin akwatin gilashi kuwa haske na shigarsa ta kowane gefe, don haka kafin azahar ruwan ya yi ɗumi ƙwarai. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai: lita ɗaya da ke ɗaukar kimanin miligiram 9 na oksijin a digiri 20, ba ta wuce kimanin 7 a digiri 35. Da dare kuma tsirran kansu sukan koma shaƙar oksijin ɗin, shi ya sa da asuba ne akan ga kifi ya taso sama yana buɗe baki. Bugu da ƙari, idan haske ya yi yawa aka kuma cika zuba abinci, gansakuka takan mamaye ruwan cikin 'yan kwanaki, ya koma kore shar har ba a iya hango kifin.

Maganin duk wannan ba ya bukatar ko kwabo daga baitulmali. A ajiye akwatin a gabashin gini, ko a gindin darbejiya, inda zai sami rana daga fitowarta zuwa hantsi, sannan inuwa ta rufe shi. Babban mazubi ya fi ƙarami, domin ruwa mai yawa ba ya saurin zafi, ba ya kuma saurin sanyi a daren hunturu. Kwami na siminti ko babbar randa ma sun yi. Kainuwa da bado suna nan a kududdufai, su yi wa ruwan inuwa su kuma tsotse takin da gansakuka za ta ci, muddin ana rage su kada su toshe fuskar ruwan duka. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a bokiti kafin a ƙara. Tarwaɗa ba ta dace ba, don takan dama laka ta cinye ƙananan kifaye.

To, ga sharaɗin, kuma ya fi duk abin da aka faɗa a baya nauyi. Ruwan da ke ajiye a waje gidan sauro ne. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, a lokacin zafi, bai fi mako ɗaya zuwa kwana 10 ba. Muddin akwai ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro, ba abin fargaba. Ran da kifin ya mutu aka bar ruwan, makaranta ta buɗe wa kanta masana'antar cuta a bakin aji. Na biyu, katantanwar da ta taimaki Warington tana iya zama annoba a nan, domin wasu ƙananan katantanwa na kududdufi su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga jiki ta fata. Lalle ne a wanke duk tsiron da aka ɗebo, a tsince katantanwar jikinsa, a kuma hana yara tsoma hannu. Na uku, kada a zubar da ragowar tsiro ko baƙon kifi a rafi. Wata ciyawar ruwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Amurka ta Kudu, wadda aka yaɗa a duniya saboda kyanta, ta shigo Nijeriya ta Badagiri a 1984, daga baya ta kai Kogin Kwara da tafkin Kainji, tana toshe wa masunta da masu kwalekwale hanya.

Saboda haka idan ma'aikatun ilmi za su ba da umurni a kan wannan, kada ya tsaya ga cewa a fitar da akwati waje. A rubuta sunan malami ɗaya da zai ɗauki nauyinsa, da ɗaliban da za su riƙa auna zafin ruwa safe da yamma suna rubutawa. Hutun zango na biyu yakan faɗo ne a tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ya fi saurin ƙafewa. Shugaban makarantar da bai sami wanda zai riƙa leƙa akwatin a lokacin hutun ba, ya ba da kifin ga mai iya riƙo, ya sa a zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa, a kife akwatin kafin a rufe makaranta.