Karkataccen Haƙori Ba Abin Dariya Ba Ne

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki a ƙasarmu, wadda lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta, watau sakaci. Yaro ya taso da haƙora gatso-gatso, ko sun hau juna, sai a laƙaba masa suna tun daga firamare, ya girma yana rufe baki da hannu in zai yi dariya. In an ce a kai shi asibiti, sai iyaye su ce ai halitta ce. Alhali kuwa da ƙafarsa ce ta karkace, da tuni an nufi asibitin ƙashi na Dala da shi.

Mu dai matsayinmu shi ne, karkacewar haƙori lalura ce mai dalili, mai magani. Tun a 1899 wani likitan haƙori na Amurka, Edward Angle, ya kasa ta gida uku: wadda turame su ka haɗu daidai amma sauran haƙora su ka cunkushe, da wadda na sama su ka zarce gaba, da wadda na ƙasa su ka sha gaban na sama. Illarta ba ta tsaya ga muni ba. Tana hana tauna sosai, tana gurɓata furucin wasu haruffa, kuma lungun da asuwaki ko buroshi ba ya shiga nan ruɓa da ciwon dasashi su ke samun gindin zama. Haƙoran gaba da su ka fito waje kuwa su ne su ka fi saurin karyewa in yaro ya faɗi.

Masu cewa gado ne ba su yi ƙarya ba, domin girman muƙamuƙi da na haƙora daga iyaye a ke ɗauko su. To amma raunin gani ma a kan gada, kuma ba wanda ya ƙi tabarau saboda haka. Balle ma wani kaso aikin hannu ne. Yaron da ya wuce shekara 4 yana tsotsar yatsa kan tura haƙoransa na sama waje, har na gaba su kasa haɗuwa. Yaron da hancinsa ya daɗe a toshe, ya saba numfashi ta baki, shi ma muƙamuƙinsa na sama kan tsuke.

Babban laifin kuwa shi ne raina haƙoran nono. Guda 20 ne, kuma su ne masu tsaron wuri ga manyan haƙoran da ke tafe. In alewa da lemon kwalba su ka ruɓar da ɗaya, aka cire shi kafin lokacin famfara, sai maƙwabtansa su gusa su cinye gurbin, na ƙarƙashi ya rasa hanya ya ɓullo a karkace. Ga kuma turmin farko na dindindin da ke fitowa a shekara 6 a can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa kan ɗauka na nono ne, su bar shi ya ruɓe.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ƙungiyar likitocin gyaran jerin haƙora ta Amurka ta ba da shawarar a duba kowane yaro zuwa shekara 7. A lokacin, ɗan ƙarfen da zai riƙe gurbin haƙorin da ya fita, ko hana tsotsar yatsa, kan wadatar. In an wuce nan sai wayar haƙori, wadda ke matsa haƙori a hankali, ƙashi na narkewa a gabansa yana ginuwa a bayansa. Aikin kan ɗauki wata 18 zuwa shekara 2, ana komawa wurin likita kowane mako 4 zuwa 8, daga baya a sa abin riƙewa don kada haƙora su koma gidan jiya. Babba ma ana gyara masa, sai dai in matsalar a ƙashin muƙamuƙi ta ke, wani lokaci sai an haɗa da tiyata.

Nan ne za mu ja kunnen 'yan'uwanmu masu maƙala waya don ado a shagunan kwalliya, da masu kai haƙoransu a goge da ƙarfe don neman wushirya. Wushiryar da Allah ya ba mutum ado ce, ba mu da ja. Amma ɓawon haƙori in an kankare shi ba ya tofowa, kuma wayar da ba likita ya sa ba tana iya girgiɗa lafiyayyen haƙori har ya fita.

Hukuma ma tana da nata kason. Tun 1966 aka buɗe makarantar likitancin haƙori ta farko a Jami'ar Legas, a 2012 kuma aka ƙaddamar da manufar ƙasa kan lafiyar baki, amma har yanzu ƙwararrun wannan fanni a manyan birane su ka taru, kuɗin aikin kuma ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. A Ingila kyauta a ke sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 18 waya, muddin likita ya tabbatar da buƙata.

Sabili da haka muna kira ga gwamnatocin jihohi su sa duba haƙoran yara cikin aikin kiwon lafiyar makarantun firamare, su ba ɗalibai tallafin ƙwarewa a wannan fanni, su kuma sa gyaran haƙoran yaran da lalurarsu ta tsananta cikin inshorar lafiya. Mu kuma, ranar 20 ga Maris, Ranar Lafiyar Baki ta Duniya, ƙungiyarmu ta fita makarantun da ke kewaye da jami'a tare da ɗaliban likitancin haƙori. Kowa kuma in ya je hutu ya buɗe bakin ƙanensa ya duba. Allah ya sa mu dace.