Kafin a ce kwamfuta ta mutu, a fara tuhumar fulash ɗin

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, aikin sauya Windows ya zama dole ga masu kwamfuta da dama a birnin Sakkwato, ciki har da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da masu shagunan buga takardu. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ya kamata masu gyara su bari: da zarar lodi ya tsaya a hanya, sai a yanke hukuncin cewa ma'adanar kwamfutar ta lalace, a goge komai ko a ce a sayo sabuwa. Alhali sau da yawa laifin na fayil ɗin ISO ne ko na fulash ɗin da aka ɗora shi.

Fayil ɗin ISO na Windows 11 ya haura gigabait 5. Idan intanet ya yanke ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar saukar da shi, yana iya samun naƙasu ba tare da an gane ba. Daga nan sai ya riƙa yawo daga fulash zuwa fulash, kowane shago na kwafar matsalar. Maganin ba ya cin ko kwabo: umarnin Get-FileHash a PowerShell zai fitar da lambar SHA-256, a gwada ta da wadda Microsoft ya wallafa. Idan suka saɓa, fayil ɗin ne ya lalace.

Na biyu shi ne fulash ɗin kansa. Tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, kuma install.wim da ke cikin ISO yakan wuce hakan. Shi ya sa manhajar Rufus ta fi kwafa da hannu. Ga kuma fulash na jabu, mai nuna girman da ba shi da shi.

Na uku, saɓanin tsari. Kwamfutar da ta tashi a UEFI tana buƙatar ma'adana mai tsarin GPT, tsohon tsarin BIOS kuwa MBR. Gyara wannan aikin 'yan mintuna ne, ba dalilin sayen sabon kaya ba.

Masu gyara na iya cewa data na da tsada, kuma mai kaya na gaggawa. Gaskiya ne. Amma sauke ISO mai kyau sau ɗaya ya wadatar da shago na tsawon watanni, shi kuwa ɗalibin da aka goge wa kundin bincikensa na shekarar ƙarshe ba shi da inda zai samo wani. Haka ma ISO da aka yi wa kwaskwarima aka watsa a intanet: ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki.

Akwai kuma kwamfutocin hannu da ba su da TPM 2.0, waɗanda Windows 11 ke ƙi. Ya kamata a faɗa wa mai su gaskiya, a nuna masa Linux Mint idan aikinsa rubutu ne da shiga intanet.

Don haka mai kwamfuta na da haƙƙin neman abu biyu kafin a taɓa masa na'ura: a kwashe masa fayilolinsa, a kuma tabbatar masa da ingancin ISO ɗin. Shagon da ya ƙi yin haka, a nemi wani.