Fatar tamu ce, ribar ta wasu: ina alƙawarin 2025?

A watan Yulin 2021 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar ƙasa kan fata a Abuja, aka yi mana albishir cewa zuwa 2025 sana'ar za ta riƙa kawo wa Najeriya sama da dala biliyan 1. Wa'adi ya cika. Muna neman lissafi: fata nawa aka fitar, wa ya saya, nawa ne ya isa hannun mai akuya?

Duk wanda ya san ƙauyuka irin Dandamisa ya san akuya dukiyar mata ce. Ita ce kuɗin magani, ita ce kayan ɗakin 'ya. Ranar da matsi ya zo, a kai ta kasuwar Makarfi ko Ikara, mahauci ya yanka ya feɗe, ɗan fata ya barbaɗa mata gishiri ya jibge a shago har mota ta cika, a wuce Kano. A majemun Challawa da Sharada a jeme ta rabi da rabi, a loda a kwantena zuwa Italiya ko Sifaniya. Can za a ƙarasa ta, a ɗinka jaka ko takalmi, a buga mata tambarin ƙasar da ta ƙarasa aikin. Daga nan sunan Kano ya ɓace, balle na matar da ta yi shekara biyu tana yankan harawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka kakanninmu suka yi ta jemar fatar jar akuyar Sakkwato, ayari ya ƙetara Sahara da ita, Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko.

Manyan kamfanonin kayan ƙawa sun ce yanzu suna bin sawun kayansu, suna neman takardar shaida daga majemu, kuma ba mu musanta cewa wasu majemun sun gyara aiki saboda hakan ba. Amma binciken nasu a ƙofar majema yake tsayawa. Ko a gidansu ma me ya faru? A 2024 kotu a Milan ta sa wani reshen Dior da wani na Armani ƙarƙashin kulawarta saboda yadda ake bautar da ma'aikata a ƙananan masana'antun da ke yi musu ɗinki. Masu bincike sun gano jakar Dior da aka biya yuro 53 kuɗin haɗawa ana sayar da ita yuro 2,600. A 2025 kamfanin Loro Piana ma ya bi sahu. Kamfanin da bai ga abin da ke faruwa a bayan garinsa ba, yaushe zai ga mahaucin Kudan?

Sai batun ruwa. Shekara da shekaru dagwalon majemu mai ɗauke da sinadarin kuromiyam yana gangarawa kogin Challawa, manoman rani suna ban ruwa da shi, mutane suna cin kayan lambun. Wannan ma yana cikin kuɗin jakar, sai dai talakan Kano ne ke biya da lafiyarsa.

Laifin gida ya fi ci mana rai. Cibiyar nazarin fata ta ƙasa tana Samaru, Zariya, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba daga Makarfi. A 2022 abin da ya fi tashe daga bakin shugabanta shi ne a hana cin ganda. To, mun ji. Amma fatar akuya da ta tunkiya ake fitarwa, kuma ƙazuwa da kaska da mugunyar fiɗa ne ke karya darajarsu. Mahauta suna buƙatar horo da wuƙar fiɗa ta gari, masu kiwo suna buƙatar malamin dabbobi a kusa, kuma fata mai kyau ta fi mai huji kuɗi tun daga kasuwar ƙauye. Tallafin fitar da kaya da gwamnati ta daɗe tana bayarwa a hannun masu majemu ya tsaya, dukawanmu kuwa suna neman fatar aiki da ƙyar a ƙasar da ake jemarta.

Don haka muke sake cewa a kawo lissafi. Gwamnatin tarayya ta wallafa abin da shirin 2021 ya haifar. A wajabta wa kowace majema mai fitar da fata ta rubuta kasuwar da ta sayo da farashin da ta biya, ta kuma tace ruwanta kafin ta sake shi. Gwamnatin Kaduna ta kafa wuraren tantance fata a manyan kasuwannin dabbobi, farashi a bayyane. 'Yan majalisar da ke wakiltar Makarfi da Kudan da Ikara su tayar da maganar nan a zauren majalisa, su kira ministocin da abin ya shafa su zo da takardu a hannu.